Asalin wasalin u a cikin zauna da talauci: shaida daga Hausar Adar

Wasali yakan samu daga baƙin da ya raunana ko ya ɓace. A harshen Mongoliya, kalmar dutse da tsohon rubutu ya adana da siffar aɣula ta koma uul, qaɣan kuma ta koma khaan: baƙin tsakiya ya faɗi, ya bar dogon wasali. Irin wannan sauyi muke so mu duba a Hausa, sai dai nan a ƙarshen gaɓa ya auku.

August Klingenheben ne ya bayyana shi a 1928. Bahanɗe, wato k, g ko ƙ, in ya rufe gaɓa sai ya koma u. Daga talaka aka samu *talakci, sannan talauci. Jam'i yakan tona asiri: ɓauna da ɓakane, Buzu da Bugaje, inda *Bugzu ya ba da dogon u. Wannan ya game dukkan karorin Hausa, alamar tsufansa ke nan.

Baleɓe kuwa labarinsa daban ne. A Kano b da m sun bi wannan hanya, amma a Madawa, Buza da Keita, kamar Sakkwato, suna nan daram: sabka, abduga, zamna, amre ko arme, a maimakon sauka, auduga, zauna, aure. Wace siffa ce ta riga? Hausar Kano da kanta ta ba da amsa, don tana cewa zauna amma zama, aure amma amarya, ɗaure amma ɗamara. Duk inda wasali ya biyo m, ta tsira. Ko a ƙarshen gaɓa ma, sai gaban n ko r take narkewa, shi ya sa tambaya ba ta taɓu ba.

Saboda haka muna bin ra'ayin Paul Newman, cewa ba doka guda ba ce, sauye-sauye ne da suka auku a zamunna daban-daban. Au ta Kano ta haɗe abin da Adar ta bambanta.

Abin da ke damunmu shi ne aikin ɗalibai. Sau da yawa sukan ɗauko magana a ƙauye, wajen rubutawa sai su “gyara” zamna ta koma zauna, shaidar tarihi ta salwanta a kan takarda. Littafin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar ya ba da tubali, amma ana bukatar a bi kasuwa-kasuwa daga Keita zuwa Madawa a ga ko matasa, da rediyo da zuwa ci-rani, sun fara cewa sauka.