Shakazobar Aro: Shigar Noti Ba Shi Ne Dacewa Ba

Duk lokacin da yankan shinkafa ya kama, gardama guda ce ke dawowa rumfunan makanikai daga Auyo har Haɗejiya. Wai in ka cire shakazobar baya ta mashin ɗinka ka ɗaura ta babur ɗin da ya fi shi girma, buhun shanshera uku za ka ɗauka maimakon biyu, kuma lafiya lau. Hujjar masu wannan magana ba ta wuce guda ba: ai noti ya shiga, da ba ta yi ba da ba ta zauna ba. Wannan hujja ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyararren aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a nan Auyo, a Janairun 2023, hanyoyin bakin magudanan ruwa ba sa hutawa rani da damina, kuma inda mota ba ta shiga, mashin ne jakin zamani. A watan Mayun shekarar aka janye tallafin mai, Naira ta faɗi, kayan gyara da ake shigowa da su daga Indiya da Sin suka yi tashin gwauron zabo. Sai bakanike ya duba buhun tsofaffin ƙarafansa, ya zaro shakazobar babur ɗin Jincheng ya ɗaura wa Boxer, ko ta Boxer ya ɗaura wa wani, kowa ya kama gabansa.

To amma shakazoba abu biyu ce aka haɗa. Akwai sifirin da ido ke gani a waje, shi ke ɗauke da nauyi. Tun 1678 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana halinsa: ka ninka masa nauyi, ya ninka lotsawa. Sai dai sifirin ba ya haɗiye duka. Ajiya kawai yake yi, ka faɗa rami ya karɓa, nan take ya maido maka abinka. Mai haɗiye dukan yana ɓoye a tsakiya: bututu ne cike da mai, da sanda mai fistin a ƙarshenta, fistin kuma da 'yan ƙofofi ƙanana da man ke kutsawa da ƙyar. Wannan kutsawar ce ke mayar da ƙarfin duka ya zama zafi. In ka taso daga Gamsarka a kan gargada, ka tsaya ka taɓa bututun, za ka ji shi da ɗumi.

Wanda ya taɓa wasa da sirinjin allura ya san abin. Tura a hankali, ruwa ya fita salin alin. Danna da ƙarfi, sai ya turje maka. Ko ka dubi mai zura guga a rijiya: igiya ce ke riƙe da gugan, amma tafin hannunsa ne ke hana ta zurarewa. Ko yarinya ɗauke da tulu za ta tsallake kwata, tana dira sai ta ɗan lanƙwasa gwiwa ta miƙe a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Da za ta dira a sandare, ruwan ya tafi. Da kuma gwiwar za ta yi tsalle kamar ƙwallo, ita da tulun duka sun tafi. Sifirin ba mai, ƙwallo ne. Sifiri da mai duka masu tauri a ƙarƙashin babur mara nauyi, gwiwa ce da ta sandare.

A nan ne kuskuren yake. Mutane sun ɗauka aikin shakazoba ta sa ƙugu ya huta, don haka namiji mai juriya ba ruwansa da taurinta, tauri ma ai ƙarfi ne. Babban aikinta kuwa shi ne ta manne taya da ƙasa. Wurin da tayar mashin ke taɓa ƙasa bai kai faɗin tafin hannunka ba, kuma a kan wannan ɗan wuri birki da kwana duka suka dogara. Kamfani yana auna sifiri da ƙofofin mai daidai da nauyin babur ɗinsa. Ka ɗauko na babur mai nauyi ka sa wa naka, da kaya a baya za ka ji kamar ka yi dabara. Ka sauke kayan ka juyo fayau a kan burji mai tsattsagi, sai baya ya dinga tsalle-tsalle. Tayar da ke sama ba ta da birki, ko da kuwa na ƙiftawar ido ne, kuma ƙiftawar idon ce tsakaninka da akuyar da ta gitta.

Sai batun tsayi, wanda shi ma ba a kula. Shakazobobin ƙananan baburan nan duka santimita 30 ne da 'yan kai, shi ya sa ido ke ganinsu ɗaya. Amma ƙarin santimita 2 kacal yana ɗaga baya, gaba ya sunkuya, kan mashin ya yi saurin juyawa, a cikin yashi kuma ba abin da ake gudu kamar wannan. Sarƙa ma tana shiga uku. Bakanike ya daidaita ta mashin na tsaye ba kowa a kai, kana hawa da kaya ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya miƙe, sarƙa ta ɗaure tamau, ta ci haƙoran sifoket, wata rana ta tsinke. Sandar birkin baya ma takan sauya zama. In kuwa gajeruwa aka sa, buhu na hawa taya ta fara gogar murfinta, fitila ta koma haska rassan itace.

Wata shakazobar tana da zobe mai matakala a ƙasan sifiri, wanda ake murɗawa in za a yi lodi. A yi amfani da shi, amma a sani ba ya ƙara wa sifiri tauri, ɗaga bayan mashin kawai yake yi. Kuma ko an samu wadda ta ɗauki buhu uku ba ta nuna gajiya ba, firam ɗin bai sauya ba, wayoyin taya ba su ƙaru ba, birkin nan dai shi ne na jiya. An rufe bakin mai kuka ne kawai.

Ba cewa nake sauyi haramun ne ba. Akan samu ta wani babur ta dace. Sai dai a sa tef a auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, a duba faɗin ramin da robar cikinsa, kada a cike gurbi da guntun tiyo. A sauya biyun tare, don sabuwa a dama tsohuwa a hagu gurguwar tafiya ce. Mai mashin ya hau, a ga ta lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na iyakar tafiyarta. A danna baya a saki: in ya taso sau ɗaya ya tsaya, da mai a ciki, in ya yi ta lilo, sifiri kawai aka sayar maka. A ƙasar da ruwa ke ci kamar tamu, wadda ba ta manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba, taɓo kan bushe a kan sandar ya karce ta, roba ta yage, mai ya tsiyaye, sifirin kuwa yana nan yana sheƙi kamar sabo.

Na sha ganin jami'an hanya sun tsayar da ɗan acaɓa sun duba takardu da lamba, ban taɓa ganin wanda ya sunkuya ya shafa shakazoba ya ga ko tana zubar da mai ba. A kwali ma da wuya ka ga an rubuta tsayinta ko nauyin da aka yi ta dominsa, sai sunan babur biyu ko uku da aka jera, mai shago ya ce duk tana yi. Tef ɗin awo dai akwai shi a shagon kowane tela a Auyo, kuma ba na jin za su hana aro na minti biyar.