Maɓallin Start: Gajeriyar Hanyar Zuwa Ga Manhaja

Yau za mu duba wani ɗan maɓalli da ke ƙasan allon kwamfuta, wanda ta nan miliyoyin mutane ke buɗe manhajojinsu kullum.

A farkon shekarun 1990, mai amfani da Windows 3.1 sai ya ratsa Program Manager, taga cikin taga, kafin ya kai ga manhajar rubutu. Daniel Oran, wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, ya shiga kamfanin Microsoft a 1992. Ya riƙa zama yana kallon masu gwaji suna ta lalube, sun rasa ta inda za su fara. Sai ya kawo shawarar a yi maɓalli guda da zai tattara komai. Da farko an rubuta masa System, amma mutane suka riƙa kauce masa, domin sunan ya yi musu kama da abin masu gyara. Da aka mayar da shi Start, nan take suka gane. Ranar 24 ga Agusta 1995 maɓallin ya fito tare da Windows 95.

To, amma manhajoji suka yawaita, jerin da Start ke buɗewa ya yi tsawo, nema ya koma aiki.

Nan wasu masu ƙirƙira suka ce me zai hana mutum ya rubuta sunan abin da yake so kawai? LaunchBar ya fito a 1996 a kwamfutocin NeXT. A 2003 Nicholas Jitkoff ya saki Quicksilver don kwamfutocin Mac, kamfanin Apple kuma ya kawo Spotlight a 2005. Masu Windows suka samu Launchy, wanda ake kira da danna Alt da Space tare.

Yadda suke aiki ba wuya. Manhajar na zagaya ma'ajiyar kwamfuta ta haɗa sunayen duk abin da ke ciki. Da mutum ya buga harafi biyu ko uku, sai ta jero waɗanda suka dace. Da yawansu kuma suna lura da abin da aka fi buɗewa su tura shi sama, kamar mai kanti da ke ajiye sukari da sabulu kusa da hannunsa. Microsoft ma ya bi sahu, ya sanya gurbin nema cikin Start a Windows Vista a 2007.

Babbar rigima ta tashi a 2012, lokacin da Windows 8 ya cire jerin Start, ya maye gurbinsa da manyan akwatuna masu cike allo, waɗanda aka tsara don taɓawa da yatsa. Ma'aikatan ofis suka yi ta ƙorafi. Mutane suka yi rububin sauke Start8 na kamfanin Stardock da Classic Shell na Ivo Beltchev, don su dawo da abin da suka saba. Microsoft ya sassauto: maɓallin ya dawo a Windows 8.1 a 2013, cikakken jerin kuma a Windows 10 a 2015. A 2020 kamfanin ya fitar da PowerToys Run, wanda shi ma Alt da Space ke buɗe shi.

Duk wanda ke gaban kwamfuta a ofis ko shagon buga takardu na iya gwadawa yanzu: ya danna maɓalli mai tambarin Windows, ya rubuta harafi ukun farko na Excel, ya danna Enter. A kwamfutar Mac kuwa, Command da Space ne.