Zaɓen 2026 a Benin: Kashi 16 na ƙuri'u, ba kujera ko ɗaya

Ranar 11 ga Janairun 2026 jama'ar Parakou da Djougou, kamar sauran 'yan ƙasar Benin, suka fita zaɓen 'yan majalisar dokoki. Da hukumar zaɓe ta CENA ta fitar da sakamako, mutane da yawa a zangunanmu sun riƙe baki: jam'iyyar UP-R ta kwashe kujeru 60, BR ta samu 49, ita kuwa Les Démocrates ta tsohon shugaban ƙasa Boni Yayi, wadda ta tara kimanin kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'u, ta tashi a tutar babu. A zaɓen 2023 kujeru 28 ta ci daga cikin 109.

Ina gizo ke saƙa? A cikin dokar zaɓe da aka yi wa gyara a watan Maris na 2024. Dokar ta ce ba za a raba kujeru da jam'iyya ba sai ta samu kashi 20 cikin ɗari a kowace ɗaya daga cikin mazaɓu 24 na ƙasar. Waɗanda suka ƙulla yarjejeniya tun kafin zaɓe ana haɗa musu ƙuri'unsu, amma Les Démocrates ita kaɗai ta shiga fage.

Mu duba abin a gida. Parakou tana mazaɓa ta 8 tare da Pèrèrè da Tchaourou, garin Yayi, inda 'yan adawa suka samu kujeru a 2023. Mai sayar da goro da ya rufe rumfarsa ya bi layi a nan, ƙuri'arsa ta faɗi ne saboda raunin jam'iyyarsa a wata mazaɓa da bai taɓa takawa ba. A ganinmu wannan ya yi tsauri. Djougou kuwa, mazaɓa ta 13, gidan Abdoulaye Bio Tchané ne, jagoran BR, don haka mamakin bai kai na Parakou ba.

Masu sauraren rediyon Nijeriya daga cikinmu kan tambaya ko zaɓen cike gurbi zai buɗe wata kafa. To, a Benin kowane ɗan majalisa ana zaɓensa ne tare da mataimaki. In ya rasu ko ya zama minista, mataimakin ke hawa kujerar. Ga shi kuma gyaran tsarin mulki na ƙarshen 2025 ya mai da wa'adin majalisa shekara 7, wato sai 2033.