Tumbuɗin Jarirai: Yadda Ake Shayar Da Yaro Mai Dawo Da Nono

Da wuya a shiga ɗakin mai jego ba a ga tsumma a kafaɗarta ba. Yaro ya sha ya ƙoshi, ana ɗaga shi sai ga nono ya gangaro ta gefen baki, wani lokacin har ta hanci, ya ɓata riga da zanen goyo. Kaka ta ce ƙoshi ne, maƙwabciya ta ce nonon ne ba shi da kyau, uwa kuwa hankalinta ya tashi.

A wajen likitoci tumbuɗi ba baƙon abu ba ne. Hukumar NICE ta Birtaniya ta bayyana a 2015 cewa aƙalla jarirai 4 cikin 10 na yin sa, yakan fara kafin yaro ya kai mako 8, kuma 9 cikin 10 na masu yi suna dainawa kafin su cika shekara. Ya fi tsananta wajen wata 4. Dalili shi ne tsokar da ke rufe ƙofar tumbi ba ta gama ƙwari ba, ga abincin jariri ruwa ne zalla, ga shi kullum a kwance. Kamar buta ce marar murfi, da an karkata ta sai ruwa ya fito.

Saboda haka gyaran yana wajen yadda ake shayarwa. Maimakon a bar yaro ya galabaita da yunwa ya zuƙi nono da haɗama har da iska, gara a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Kansa ya fi cikinsa tudu yayin sha, bakinsa ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nono. In ya saki mama ɗaya, a ɗora shi a kafaɗa a shafa bayansa ya yi gyatsa kafin a ba shi ɗayan. Bayan ya gama a riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30, ban da cilla shi sama da sunan wasa, ban da matse masa ciki da majanyi ko kunzugu. Mai shan madarar gwangwani kuma a bi ma'aunin da ke jikin gwangwanin, kuma kada a faɗaɗa hujin fida da allura.

Barci kuwa a rigingine ake so, a shimfiɗa mai ƙwari ba matashi. Kifa jariri don gudun ƙwarewa ya fi haɗari, domin yana da alaƙa da mutuwar farat ɗaya cikin barci.

Inda ake yawan kuskure shi ne a ɗura wa yaro ruwa, jiƙo ko koko wai don nonon ya zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya nonon uwa zalla ta ce har wata 6, ita kuwa zuma ba a ba yaro sai ya shekara. Maganin rage tsamin ciki ma sai likita ya rubuta, musamman da yake an janye wani irinsa mai suna ranitidine daga kasuwa a ƙasashe da dama a 2020.

Akwai alamun da ba a zama da su a gida: amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane sha, amai kore ko mai jini, kumburin ciki, zazzaɓi, ƙin karɓar nono, raguwar fitsari, ko rama. Amai mai feshi a makonnin farko kan iya zama toshewar mafitar tumbi, wadda aikin tiyata ke gyarawa. In ba ko ɗaya cikin waɗannan, uwa ta ci gaba da shayarwa, ta kuma riƙa kai yaro awo duk wata a duba ko nauyinsa na ƙaruwa.