Turancin Da Ake Buƙata A Bakin Gadon Majinyaci

Mutanenmu da dama kan tafi Alƙahira ko Delhi ko Dubai neman magani. Kafin tafiya ana bincikar ƙwarewar likita da kuɗin aiki, amma ban cika jin an tambayi wane harshe nas ɗin da za ta kwana da majinyaci take ji ba.

Likita a Masar ko Indiya da Turanci ya yi karatu, sai dai zamansa a bakin gado ba ya wuce 'yan mintoci. Sauran yini da dare a hannun nas suke, da mai ba da magani, da mai karɓar kati. Turancin da waɗannan ke buƙata ba na lacca ba ne. Su iya tambayar ko ciwon suka yake yi ko nauyi, ko akwai maganin da jiki ba ya karɓa, su kuma bayyana cewa ba a cin komai kafin tiyata, sannan su sa majinyaci ya maimaita abin da ya fahimta. Wannan na ƙarshe, a ganina, ya fi sauran muhimmanci, domin Bahaushe mai kunya zai gyaɗa kai ko da bai gane ba.

Mu ɗauki tsohon da ya ce zuciyarsa na tashi. Idan ɗansa ya juya maganar kalma da kalma, nas za ta ɗauka ciwon zuciya ne, alhali amai yake ji. A 1980, a jihar Florida ta Amurka, iyalin wani matashi mai shekara 18 sun ce yana "intoxicado", suna nufin ya ci abin da ya ɓata masa ciki. Ma'aikata suka ɗauka ƙwaya ya sha. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, kafin a gano har ya shanye hannu da ƙafa.

Shi ya sa hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya kan nemi baƙon nas ya nuna shaidar harshe, kamar jarrabawar IELTS ko OET, wadda a cikinta ake kwaikwayon hira da majinyaci. Dillalan da ke shirya wa mutanenmu tafiya su ma ya kamata a riƙa tambayarsu: wa zai yi tafinta da ƙarfe biyun dare, kuma wa zai karanta wa mara lafiya takardar amincewa da tiyata kafin ya sa hannu?