Kafin A Auna Ruwa, A Auna Ma'auni

Murjanin da ke tara duwatsu a ƙarƙashin teku dabba ne mai rai. Yana zuƙo kalsiyam da kabonet daga ruwa, yana gina ƙashinsa da su. Teku faɗi gare shi, ruwansa ba ya saurin sauyawa. Amma masu kiwon murjani cikin tankin gilashi a Amurka da Jamus da Japan, ruwan da ke hannunsu sau da yawa bai wuce 'yan ɗaruruwan lita ba, kuma kullum murjanin yana cin abin da ke ciki. Tilas mai tanki ya riƙa aunawa, yana mayar da abin da ya ragu.

Burinsa ruwan ya yi kama da na teku: gishiri giram 35 a kowane kilo na ruwa, kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, magnesiyam wajen 1,300. Sai alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na danne tsami, wanda akan riƙe tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa ake sayen kayan gwaji irin na Salifert da Red Sea, inda ake ɗiga sinadari har launin ruwa ya juya, ko ƙaramar na'urar Hanna mai karanta launin da kanta.

To, wa ya tabbatar kayan gwajin suna faɗin gaskiya? Mutane da yawa sukan maimaita gwaji, in amsa ta zo iri ɗaya hankalinsu ya kwanta. Wannan bai isa ba. Mudun da gindinsa ya loɓa, ko sau goma aka auna da shi abu ɗaya zai bayar, kuma duk goman tauye suke. Sinadarin gwaji yakan lalace in ya daɗe ko ya sha zafi da rana. Kwalbar da ba a ɗauraye ba, da sirinjin da ba a karanta daidai ba, da shatin yatsa a jikin gilashi, kowanne yana karkatar da sakamako.

A ɗauka kalsiyam ɗin tanki 420 ne, amma gwaji ya nuna 380. Mai tanki zai yi ta ƙara sinadari har ya ga 420, alhali ruwan ya zarce 460. In kuskuren a alkaliniti ne, ɓarnar ta fi girma, domin murjani irin Acropora ba ya jure hawa da sauka cikin gaggawa. Namansa yakan saɓule ya bar farin ƙashi.

Maganin shi ne ruwan ma'auni, wanda aka riga aka san adadin abin da ke cikinsa. Kamfanin Fauna Marin na Jamus yana sayar da irinsa. A gwada shi kamar yadda ake gwada ruwan tanki, a kwatanta da abin da aka rubuta a kwalba. In tazarar kaɗan ce, a rubuta ta a riƙa lura da ita. In ta yi yawa, a zubar da sinadarin a sayi sabo. Masana teku ma haka suke yi. Fiye da shekara ɗari ke nan da Martin Knudsen ya fara haɗa ruwan teku na ma'auni a Kopenhagen, domin ɗakunan bincike su daidaita awon gishirinsu da shi.

Da gishiri ya kamata a fara, domin in ya kauce sauran duk sun kauce tare da shi. Yawancin na'urorin auna gishiri masu araha, wato rifraktomita, don ruwan gishirin girki aka ƙera su. In an saita su da tataccen ruwa kawai, suna iya kuskure da fiye da giram ɗaya a ruwan teku. Randy Holmes-Farley, masanin sinadarai da ya daɗe yana wa masu wannan kiwo rubutu, shawararsa ita ce a saita da ruwan ma'auni mai 35. Na'urar pH kuwa, mai auna tsamin ruwa, da ruwan ma'auni biyu ake saita ta, mai 7 da mai 10.

Akwai kuma ɗakunan gwaji irin Triton da ATI a Jamus, da ake aika wa ruwa su auna da na'urar ICP. Tana fito da sinadarai masu yawa lokaci guda, amma ita kanta ba ta auna alkaliniti, don haka ba ta sauke wa mutum nauyin gwajin gida.

Masu kiwon tarwada a ƙasarmu da ke auna pH da amoniya su ma maganar ta shafe su, musamman da yake zafin bazara yana saurin lalata sinadarin da aka ajiye a rana. Duk wanda ya ga sakamakon da ya ba shi mamaki, alhali dabbobinsa lafiya lau, kada ya yi gaggawar zuba magani. Ya sake gwadawa, ya duba ranar ƙarewar sinadarin, ya gwada ruwan ma'auni. In ruwan ne da matsala, a gyara a hankali cikin kwanaki.