Gundurar kallo da fasa ƙwan labari a unguwannin Hausawan Duwala

Mai kallo Bahaushe da ke zaune a New Bell, unguwar da ta kafu a Duwala tun zamanin mulkin Jamus kuma ta zama matattarar baƙi da fatake, yana shan nishaɗi ne daga mashaya uku, domin fina-finan Kano na iso masa ta YouTube da Arewa24, na Indiya na zuwa da fassarar Hausa ko ta Faransanci, sannan ga ƙwallon Turai da Canal+ ke haskawa. A shekarar 2009, lokacin da aka rufe siliman Wouri, ƙarancin wurin kallo ne abin kuka a birnin, amma yanzu, ko da an ajiye zancen siliman CanalOlympia da aka buɗe a Bessengue kusa da Deido a 2017, wayar hannu kaɗai ta ishi mutum ɗawainiya.

Sauyin ya tsananta ne da zuwan fina-finai masu dogon zango, wato waɗanda ake saki kashi-kashi kowane mako, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda suka fito a 2020 suka tarar da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Da yake agogon Kamaru da na Najeriya ɗaya ne, da zarar sabon kashi ya fita sai zaurukan WhatsApp da shafukan TikTok su cika da guntayensa, alhali ɗan kasuwa ko mai gashin tsire bai tashi daga sana'a ba. Wannan shi ne fasa ƙwai, wato bayyana wa mutum abin da zai faru kafin ya gani da idonsa, kuma tsoronsa ne ke sa mutane hana ido barci da ƙarar da kuɗi wajen sayen data, har kallon ya koma tamkar bashin da ake biya, daga nan kuma gundura ta shigo, wato gushewar sha'awa saboda yawan abu.

Sai dai akwai alamar cewa an kambama illar fasa ƙwan. Binciken da Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld suka wallafa a 2011 daga Jami'ar Kalifoniya ta San Diego ya nuna cewa waɗanda aka faɗa wa ƙarshen gajeren labari tun farko ba su rasa daɗinsa ba, galibi ma sun fi jin daɗinsa. Bahaushen da ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda kowane yaro ya san inda za ta ƙare amma yake roƙon a maimaita, ba zai yi mamakin haka ba.

Saboda haka tseren kallon sabon kashi ne ya fi cancantar magani. Wanda ya taƙaita kan shiri ɗaya ko biyu, ya toshe sanarwar zaurukan a daren da ake sakin kashi, ya kuma hana wayarsa sauke bidiyo da kanta, ya rage yawancin wahalar. Wanda kuma ya iya haƙuri har zango ya kammala, yana iya sauke shi gaba ɗaya a inda intanet ke da araha, ya kalla tare da iyalinsa a ranar da ba ya fita kasuwa.